Kwalbar Kuɓewar Kaka

Umbadda, Umdurman

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Usman. Allah ya ƙetarar da ku gada lafiya, ya sa gidan da za ku shiga a Khartum ya karɓe ku, ya sa ki ji daɗin makarantar da za ki koyar. Ya tsare ku fita, ya tsare ku dawowa.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga mutumin da kuka kwana gida ɗaya da shi jiya. Dalili shi ne na san ki. Da na zaunar da ke na fara magana, za ki yi ta cewa "tamam, ya Baba" idonki na kan waya, kafin ku kai gada komai ya zube. Takarda kuwa za ta jira ki. Na rubuta da Hausa da gangan, ko da yake na san da Larabci kike tunani. Ki karanta a hankali, ba sauri ake ba.

A cikin ƙullin da na sa a jakarki akwai ƙananan takardu huɗu na iri: lalo, yakuwa, barkono da jarjir, ganyen salak ɗin nan. Waɗannan idan sun ɓata, sun ɓata, kowace kasuwa za ki samu. Akwai kuma kwalba ɗaya cike da toka, da irin kuɓewa a cikin tokar. Saboda ita nake wannan dogon rubutu. Ita ce 'yar Kaka, gajeriyar nan mai jan kara da kika tashi kina ci. Abin da ke cikin kwalbar nan shi kaɗai ya rage, a iya sanina, kuma ya tsufa. Idan bai shiga ƙasa daminar bana ba, shi ke nan.

Kin san asalinta, amma bari in maimaita don 'ya'yanki. Kakata Ladi ta taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, da irin nan ɗaure a haɓar zaninta. Ta tsaya a Jazira tsinkar auduga don ta haɗa guzuri, guzurin bai haɗu ba har ta rasu. Kuɓewar ta shuka a bayan bukka. Daga ita sai mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, daga nan sai Innarku, Allah ya jiƙan su duka. Ni a cikin wannan layi ba abin da na tsinana sai ɓarna, kuma ɓarnar ce zan lissafa miki, don kada ki sake yin ta da hannunki.

Ta farko ta girman kai ce. Lokacin da muka baro Jazira muka sauka a Umbadda, na ɗauka ba wanda zai koya mini ƙasa. Ni da na tashi a gonar auduga? Na manta cewa ƙasar can baƙa ce mai danƙo, ka shayar da ita yau ta riƙe ruwa har mako. Ta nan kuwa ja ce, rairayi da tsakuwa, ka zuba bokiti ka juya baya ka tarar kamar ba a yi ba. Na yi fangali irin na can, na malala masa ruwa sau ɗaya, na tafi tuƙin hafilata, bas ɗin da nake ja, hankali kwance. Tumatir na shuka, kuma a tsakiyar zafi, watan da ko jaki inuwa yake nema. Innarku ta ce mini ba lokacinsa ba ne, na ce mata mata ba su san noma ba. Kwana goma komai ya ƙone. Da ta kawo tuwo da yamma sai ta tambaye ni ko in ɗebo mata tumatir daga gonata.

To, ki fara da sanin ƙasar gidanki kafin ki buɗe ko takarda ɗaya. Ki haƙa rami kamu ɗaya, ki cika shi da ruwa, ki ga yadda yake shanyewa. Usman ya ce mini tsakar gidan naku baƙar ƙasa ce, irin ta kusa da kogi. Idan haka ne, ki gauraya ta da rairayi da tsohon takin awaki, wanda ya shekara, ban da ɗanye. Sa'an nan ki riƙe wannan rabo: tumatir, albasa, jarjir da karas na sanyi ne. Kuɓewa, lalo, yakuwa da wake na damina ne da zafi. Barkono shi ne mai haƙuri, idan ya sami 'yar inuwa yana ratsa shekara. Rijla kuwa, ganyen nan mai yaɗo a ƙasa, ba sai kin shuka ba, da kanta za ta zo, kuma kada ki cire ta a matsayin ciyawa, miya ce.

Kan yakuwa ki kula, don iri biyu ce, ni kuma na taɓa rikita su. Akwai wadda mutanen nan suke shukawa don karkade, wato zoɓo, mai jan kai mai kauri, ganyenta kaɗan. Akwai tamu ta miya, kore, ganye birjik, tsaminta daidai. Wata shekara na karɓo iri a hannun wani abokin tuƙi na ce yakuwa nake so, ya ba ni ta karkade. Mun sha jan ruwa har ya ishe mu, amma miyar taushe ba ta yi armashi ba daminar nan. Wadda na ƙulla miki ta miya ce. Idan kina son karkade, kasuwa tana nan.

Ɓarna ta biyu ta kwaɗayi ce. Akwai wani shago a Khartum da ake sayar da iri a cikin fakiti mai hoto. Na sayo tumatir, ya yi 'ya'ya manya, sumul, duk kai ɗaya, har maƙwabta suna leƙe. Sai na ce ai na gama da shago, na matse 'ya'yan na shanya irin na ajiye. Shekara ta zagayo na shuka, sai ga shirme: wani ƙanana kamar gauta, wani dogon kara ba ɗa, wani ya fashe tun yana kore. Na koma shagon da faɗa. Mai shagon ya bar ni na gama, sannan ya gaya mini cewa irin aure ne, an haɗa uwa daban uba daban, shekara ɗaya yake yi, jikokinsa ba sa kama da shi. Ya ce a jikin fakitin ma an rubuta. An rubuta ɗin, ni ne ban karanta ba.

Ban hana ki irin shago ba. Ki saya, ki shuka, ki ci, yana da kyau kuma yana da yawa. Kada dai ki ajiye irinsa. Abin da ake ajiyewa shi ne wanda uwa ta haifi mai kama da ita shekara da shekaru, irin lalon nan da barkonon nan da na ba ki, da 'yar Kaka.

Yanzu mu zo kan 'yar Kaka, nan ne ɓarna ta uku. Kin tuna tsummokin da Innarku take ɗaurawa a jikin kuɓewa? Kuna yara kuna cewa ta sa wa kuɓewa ɗankwali. Al'adar gidanmu ce tun daga Kaka. Idan kuɓewa ta fara 'ya'ya, uwar gida takan zaga ta zaɓi tsiron da ya fi ƙarfi, ya riga saura fure, ta ɗaura tsumma a 'ya'yansa na farko. Wanda aka ɗaura wa tsumma ya haramta ga tukunya. A nan zai zauna har ya bushe a jikin uwarsa, ya fara tsagewa, ki girgiza ki ji yana kacau-kacau. Shi ne irin baɗi.

Ni a ganina wannan asara ce. Na farkon su ne suka fi daɗi, suna zuwa lokacin da bakin mutum ya gaji da busasshiya, sai a ce kada a taɓa? Wata Juma'a na yi baƙi daga Jazira, Innarku ta shiga maƙwabta, na ɗauki wuƙa na yanke guda shida masu tsumma na ba yayarki ta dafa. Da ta dawo ta ga tsummoki a ƙasa, ta tsince su ɗaya-ɗaya ta wanke ta shanya. Baƙi na tafiya ta ce mini, "Malam, ka ciyar da baƙinka miyar baɗi." Na ce ai ga sauran 'ya'ya nan za su fito, iri iri ne.

Na kafe a kan haka, har na karɓe zancen iri daga hannunta shekara uku. Mukan ci na farko da na tsakiya, na ƙarshe da suka gagari tukunya, sirara, 'yan autan da tsiro ya haifa bayan ya gaji, su nake bari su bushe. A shekara ta uku kuɓewar da take fara 'ya'ya kafin wata biyu sai da ta kusa uku, kuma 'ya'yan kamar ɗan yatsan jariri. Na ɗora wa ƙasa laifi, na ɗora wa ruwa. Innarku ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙulli da ta ɓoye a cikin tulu tun kafin in karɓi ragama, ta ajiye a gabana ta wuce madafa. Daga ranar na mayar mata da aikinta. Ko bayan haka, in ta ga hannuna ya nufi mai tsumma, da ludayi take buge shi, a gaban kowa.

Don haka na farko na iri ne, daga tsiro mafi lafiya, kuma ba daga tsiro ɗaya kaɗai ba. Ki ɗaura wa biyar ko bakwai, kowanne a uwa daban. Duk wanda ya zo, ko surukarki ce, ko ni ne, ba a yanka mai tsumma.

Ta huɗu ita ce babba, kuma ita ce ba ki sani ba, don lokacin kina makarantar kwana. Muna da maƙwabciya, Hajja Batul, mutuniyar yammacin ƙasar nan, mai sayar da kisra, gurasar dawar nan mai falle-falle, a bakin titi. Ta ci miyar 'yar Kaka a gidanmu sau da yawa, wata rana ta roƙe ni iri. Na hana ta. Na ce mata abin gado ne, ba ya fita gida. Gaskiyar magana, ina jin daɗin a ce a duk Umbadda gidan Malam Abdu kaɗai ake cin irin wannan kuɓewa. Ta yi dariya ta ce Allah ya bar mini abina. Ba da daɗewa ba mai gidan da take haya ya tashe ta, ta bar unguwa, ban ma tambayi inda ta nufa ba.

Bayan rasuwar Innarku, daminar farko da na yi ni kaɗai, na ce bari in ƙara yawan amfani. Na sayo doguwar kuɓewar kasuwa da suke kira bamiya, koren nan mai santsi, na shuka layi biyu kafaɗa da kafaɗa da 'yar Kaka. Na ɗaura tsumma yadda aka saba, na ajiye iri, ina ganin na yi komai daidai. Ban san ƙudan zuma suna yawo tsakanin furannin suna haɗa su ba. Baɗi na shuka, abin da ya fito ba 'yar Kaka ba ne, ba kuma bamiya ba. Kara wani ja wani kore, 'ya'ya dogaye masu tauri, yauƙi kamar an wanke. Na sake gwadawa shekara ta biyu, abin ya ƙara lalacewa. Na duba tulu, na duba akwatinta, ba wani ƙulli a ɓoye wannan karon. Abin da mata uku suka riƙe tun daga Katsina, ni na kashe shi a damina biyu. Na ji kunya ƙwarai, kuma ban gaya wa kowa ba. Da kika zo hutu kika ce miyar ta canza, na ce miki hannun mai dafawa ne ya canza.

Shekara uku bayan haka an mayar da ni layin Dar Salam. Wata rana da hantsi mota ta tafasa a can ƙarshen unguwa, inda gidajen laka suke. Na sauke fasinja, na ɗauki jarka na yi sallama a ƙofar da ta fi kusa don in roƙi ruwa. Aka ce in shigo. Ina shiga na ga jan kara a gindin katanga, layi uku, da gajerun 'ya'ya masu ƙiba, wasu da tsumma a wuya. Na tsaya da jarka a hannu kamar wawa. Mai gidan ta fito, sai ga Hajja Batul.

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, don ba ta ji rasuwar ba sai a bakina, na nuna kuɓewar na ce a ina ta samu. Ta ce, "Matarka ce ta ba ni, ranar da zan tashi. Ta ce kada in gaya wa Malam, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Har yadda ake ɗaura tsumman ta koya mata. Na gaya wa Hajja abin da na aikata, ban rage komai ba. Ba ta yi mini gori ba, ko da yake ta sami dama. Ta cika mini jarka, ta shiga ɗaki ta ɗebo iri cikin tafin hannu biyu ta zuba mini a aljihun jallabiya. Duk 'yar Kakar da kika ci daga wannan shekara zuwa yau, daga gidan matar da na hana ta fito.

Abu biyu ke nan za ki ɗauka. Na ɗaya, kada wata kuɓewa ta shiga tsakar gidanki muddin 'yar Kaka tana fure. Idan maƙwabcinki na jikin katanga yana da tasa, ki ɗaura ɗan siririn ƙyalle ki rufe furen taki tun yana toho, ki buɗe bayan ya faɗi, shi kaɗai yana iya ɗaukar ɗa. Na biyu, wanda ya roƙe ki iri ki ba shi. Wanda bai roƙa ba ma ki kai masa.

Saura ta ƙarshe, wadda kika gani da idonki. Ranar da muka bar gida saboda tashin hankalin yaƙi, na ɗauki takardun gida, na ɗauki rediyo, har da makullin motar da aka riga aka ƙwace. Kwalbar tana kan taga na wuce ta. Sai da muka yi nisa na tuna, kuma ba halin komawa. Da muka dawo bayan shekara biyu, kin ga yadda muka sami gidan, ko ƙofa babu. Kwalbar tana kwance a ƙasa a bayan zir, randar ruwanmu, ba wanda ya ga amfanin ɗaukar toka. Sati na zagayowa na hau mota zuwa Dar Salam neman Hajja Batul. Gidan ba rufi, gindin katangar ya bushe ƙamas, waɗanda na tarar a layin baƙi ne, ba wanda ya san sunanta. Ban san ko tana raye ba. Idan tana raye, ina fata ita ba rediyo ta ɗauka ba.

Watan jiya na gwada irin. Na ɗebi goma na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, uku suka tsaga. Uku cikin goma, Ummi. Baɗi ba na jin ko ɗaya zai motsa. Ukun na dasa a gwangwani, amma kin san famfon unguwarmu bai dawo ba, ruwan da masu karo suke kawowa a keken jaki kuwa gishiri gare shi, ko shayi ba ya yi. Kwana tara suka yi suka kwanta. Na zaga gidajen da na sani, kowa ruwan nan yake sha. Ku kuna da famfo, kuna da baƙar ƙasa. Shi ya sa na ba ki duka, ban rage ko ƙwaya ba.

Ga yadda za ki yi. Ki raba shi uku tun kafin ki shuka. Kashi ɗaya ki shuka da saukar ruwan farko. Kashi ɗaya ki riƙe sati uku, ko tsutsa ko akuya za su yi miki ta'adi, sai ki maye. Kashi na uku ki nemi wata mata a unguwarku, ba ta jikin katangarki ba, mai tsakar gida da haƙuri, ki ba ta, ki koya mata tsumma. Ba ruwanki da ƙabilarta. Ki jiƙa irin kwana ɗaya kafin shuka, ki zuba huɗu ko biyar a kowane rami tunda ya tsufa, zurfin gaɓar yatsa, tazara kamu ɗaya. Ban ruwa da safe. Tana da ƙaiƙayi, ki sa dogon hannu idan za ki tsinka. Idan Usman ya ce zai taya ki, ki bar shi ya yi haƙa da ɗiban taki, amma zancen iri ya zauna a hannunki. Yaron kirki ne, ni ma haka ake cewa da ni.

A ƙasan ƙullin za ki ga tsummoki bakwai, shuɗi mai ɗigon fari. Za ki gane su. Tsohon tob ɗin Innarku ne, mayafin nan nata, wanda take shiga lambu da shi. Shi ma a bayan zir na same shi, rabi gara ta ci, na yage abin da ya rage.

Idan ta tsiro, kada ki kira ni, ki bari sai ta yi fure. Zan zo da kaina, ko da hafila uku zan canza. Idan kika ga hannuna ya nufi mai tsumma, ludayi yana nan, na ba ki izini. Idan kuwa ba ta tsiro ba, ki gaya mini gaskiya a rana ɗaya. Kada ki sayo bamiyar kasuwa ki dafa mini ki ce hannun mai dafawa ne ya canza. Ni na fara wannan ƙaryar, na san ɗanɗanonta, kuma ba laifinki ba ne idan ta mutu a hannunki, tun a hannuna ta fara mutuwa.

Allah ya tsare ki a hanya da a gida, ya tsare Usman, ya ba ku maƙwabta irin Hajja Batul, ya sa ki fi ni gane su. Ya saukar muku da ruwa mai albarka. Ya jiƙan Kaka Ladi, da uwata, da Innarku. Ki buɗe kwalbar a inuwa, kuma kada ki zubar da tokar, za ki buƙace ta idan irin baɗi ya bushe.

Wassalam.

Mahaifinki,
Abdu